Hannun Clive Ya Riga Bakinsa

Ƙanena Clive bai buɗe baki ya yi magana ba sai da ya kusa shekara huɗu, kuma tun daga lokacin bai ƙara wani abin a zo a gani a kai ba. Ni ce babba. In baƙi suka tambaye shi sunansa ni nake amsawa, in aka tambaye shi ko ya ƙoshi ni nake cewa bai ƙoshi ba. Mama kan ce na kwashe surutun gidan kaf kafin a haife shi, ya zo bai tarar da komai ba. Ni dai ban ga laifina ba, dole ne wani ya yi magana a gida.

Yana ɗan shekara sha shida ya shiga koyon aikin gas, kuma shi ke nan rayuwarsa. Shekara arba'in da ɗoriya yana durƙushe a kicin ɗin mutanen garinmu Accrington da ke Ingila, kansa a cikin kabad, ƙafafunsa a waje. Akwai matan da na tabbata sun fi sanin ƙasan takalminsa a kan fuskarsa. Aikinsa iri ɗaya ne kullum. Ya ƙwanƙwasa, ya gyaɗa kai, ya wuce ciki. Za ka ji ƙarar sifana na ɗan lokaci, sai ya miƙe, ya shanye shayinsa a tsaye, ya ce, "Ya yi." Da kalma biyun nan yake gaisuwa, da su yake bayani, da su yake sallama. Ranar aurensa da Lynne ma mun yi zaton da su zai amsa wa fasto.

Abin da ya sa tsofaffin garin nan ba sa kiran kowa sai shi, bai taɓa fita ya bar gida cikin sanyi ba. Samarin yanzu in sun ga murhun ɗumama ɗaki ya tsufa, sai su girgiza kai su ce a sayi sabo. Clive kuwa sai ya koma garejinsa, inda ya tara gawarwakin murhu da tukwanen ruwan zafi har rufi, ya tono wani ƙarfe daga cikin wata gawa, ya goge, ya dawo ya ɗaura. In bai samu ba ya ƙera. Da wannan ake yabonsa, ni ma da shi nake taƙama in an haɗu a kanti.

To amma doka ba ruwanta da yabo. Ba mai taɓa bututun gas a gidan wani sai da kati, katin kuma ba ya wuce shekara biyar sai an koma an sake jarrabawa, tsoho da yaro, gwani da sabon shiga. Clive ya tsani lokacin nan kamar ciwon haƙori. Tun saura wata guda zai baje manyan littattafan ƙa'ida a kan teburin cin abincin Lynne, yana bin layi da yatsa yana gumi. Amma kullum yakan lallaɓa ya wuce, mu manta da zancen sai wani zagayen.

A wannan karon, wata rana cikin Nuwamba, na ji motarsa ta tsaya a ƙofata da rana tsaka, lokacin da ya kamata a ce yana cikin kabad ɗin wani. Ya shigo ya zauna da rigar sanyinsa a jiki. Na kawo shayi da biskit, ko kallon kofin bai yi ba.

"Ka faɗi ne?"

"Ba su ce na faɗi ba. Cewa suka yi in koma."

"Kai Clive, ni za ka yi wa wayo? Wanda ya wuce ai ba a ce masa ya koma. Rubutun ne ya kayar da kai?"

"Na ci rubutun."

"To mene ne?"

Sai da na yi ta tatsarsa kamar mai matse ragowar man goge baki kafin labarin ya fito.

A wurin jarrabawar akwai ƙananan ɗakuna a jere, kowanne an shirya shi kamar falo ko kicin ɗin wani, an ɗana matsaloli a ciki da gangan. Mai jarrabawar, wani Mista Holgate, shi ma tsohon ma'aikacin gas, yana tsaye a bakin ƙofa yana kallo. Aikinka ka gano abin da aka ɗana, ka faɗa da bakinka, ka ce ga girman haɗarinsa, ga abin da doka ta ce a yi. Clive ya shiga ɗakin farko, ya durƙusa, ya yi 'yan taɓe-taɓensa, ya fito ya ce, "Ya yi."

Holgate ya ce, "Me ka tarar?"

"Ba komai."

"Ba komai? To zazzage mini aljihunka."

Sai ga tsumma. An cusa shi ne a ramin shan iska na jikin bango, Clive ya zare shi a wucewa ya sa a aljihu, ko tunawa bai yi ba. Akwai kuma noti da aka sassauta don gas ya riƙa tsiyaya, ya ɗaure shi tun kafin ya gwada bututun, shi ma bai san ya ɗaure ba.

Na fashe da dariya har da riƙe ciki. Da na ga shi ba ya dariya, na haɗiye tawa.

"Ya ce matar da ta cusa tsumman don iska na damunta, ina fita za ta cusa wani," in ji Clive, yana kallon kafet. "Tunda ban gaya mata zai iya kashe ta ba."

Na so in zagi Holgate ɗin nan, na nemi inda zan kama na rasa. Gaskiya ya faɗa.

Ɗakin ƙarshe shi ya gama da shi. Murhu ne wanda ba ya gyaruwa, don haka ma aka zaɓe shi. Amsar ɗaya ce: ka gaya wa mai gida abin nan haɗari ne yanzu-yanzu, ka nemi izininta, ka yanke gas ɗin ka toshe bututun, ka manna takardar gargaɗi, ka tafi. Holgate ya zama mai gidan. Ya ce shi tsohuwa ce, ga sanyi, ga ciwon gwiwa, ba ta da kowa. Ƙanena ya saurara, ya saurara, sai ya buɗe akwatin kayan aiki ya fara kwance murhun. Holgate ya dafa kafaɗarsa ya ce ya isa haka. Ya ba shi dama ɗaya, ya dawo kafin katinsa ya mutu a tsakiyar Disamba.

Wani zai ce mutumin da ya haura sittin ai sai ya huta. Mai faɗin haka bai san Clive ba. Ba ya shan giya, ba ya kallon ƙwallo, ba shi da abokin hira, 'ya'yansa sun yi nisa. In ka raba shi da motar nan da kicin ɗin mutane, ban san me zai rage ba. Kuma na riga na ga irin wannan da idona. Shekarar da aka rufe masaƙar da Baba yake aiki, ya jawo kujera bakin taga ya zauna, ba ciwon kai ba na ciki, yana kallon titi har muka binne shi. Clive kamanninsa ne sak, har yadda yake ɗora hannu a gwiwa. Na ji tsoro ƙwarai, ni kuma in na ji tsoro faɗa nake yi.

"Tashi," na ce. "Magana ce ta kayar da kai, ko? To ka zo inda take."

Lynne ta ɗan gwada taimaka masa, amma da zarar ya tsaya a gabanta ya cire hula sai dariya ta ƙwace mata. Ni kuwa na yi shekaru ina raba abinci a makarantar firamare, na sa 'ya'yan mutane sun ci kabeji suna kuka. Ba dariya a wurina.

Kullum da yamma in ya tashi aiki sai mu haɗu a garejinsa. Mu jawo gawa ɗaya tsakiya, in kife bokiti in zauna, in zama mai gida. Kalmomin ba su da yawa, kuma ya haddace su tsaf. Yana iya faɗa wa bango. Yana iya faɗa wa karen Lynne. Wata maƙwabciya ta tare ni tana tambaya ko lafiya, wai ta gan shi a danja shi kaɗai a mota yana yi wa sitiyari bayani. Amma da zarar fuskar mutum ce a gabansa, sai harshen ya naɗe.

"Uwargida, wannan murhun... wato... yana da ɗan..."

"Ɗan me? Yi magana, bawan Allah, shayina na hucewa."

"Haɗari ne. Dole in yanke."

"Ka yanke? A cikin wannan sanyin? Ɗana, ni tsohuwa ce, hannuna ba ya ɗumi ko a zafin watan Yuli. So kake a ɓalle ƙofa a tarar da ni na sandare?"

Sai ya tsaya. Idonsa ya koma kan murhun, yatsunsa su fara motsi.

"Bari in duba mota, wataƙila ina da..."

"Ka faɗi! Fita ka sake ƙwanƙwasawa."

Na zama tsohuwa, na zama mai gidan haya mai ihu da barazanar lauya, na zama mai jego, na naɗe tawul na rungume a matsayin jariri. Mai ihun bai dame shi ba, ya iya da masu ihu, ai tare da ni ya tashi. Masu roƙo su ne ba ya iyawa da su. Ranar jaririn, ina cikin jijjiga tawul sai na ga ya ɗauko sifana yana gyara gawar da ba ta haɗe da kowane bututu.

Na ce masa ya riƙa gwadawa a wurin aiki, duk abin da hannunsa ya taɓa bakinsa ya faɗa. Ya yi biyayya. Bayan kwana kaɗan mai sayar da nama ya kira ni gefe ya ce, "Noreen, me ya sami Clive? Ya zo duba mini tukunyar ruwa, ya tsaya ya yi mini jawabi a kan ramin iska. Wallahi na ɗauka likita ya ce wata shida ya rage wa ɗayanmu a duniya." Na yi masa dariyar da ta kamata, na fito. Bayani a kan ramin iska ba shi ne matsalar ba. Ya ce wa mutum a'a, wannan ne har yanzu bai yi ba ko sau ɗaya.

Yana ta ramewa. Lynne ta bugo ta ce ya ƙara wa bel ɗinsa huda, ta ce har nama da dankalin da yake so yanzu ture su yake gefe. Ni kaina abinci ya daina yi mini daɗi. In na zo wucewa ta gaban kalanda sai in kau da kai.

Ranar Lahadin ƙarshe kafin jarrabawar, wadda aka sa ranar Alhamis, aka tashi da ƙanƙara a kan motoci, garejin ba ya zaunuwa. Na buga masa waya na ce yau a gidana za mu yi, a kan murhun gaske, daga farko har ƙarshe, yadda Holgate zai so.

"Garejin ma ya isa," in ji shi.

"Ni ce mai zama a kan bokiti, ni zan ce ya isa ko bai isa ba."

"Murhunki ai ba ya buƙata, Noreen. Ba abin da za a koya a kansa."

Jimla biyu a jere daga bakin Clive. Da na lura, da na sha jinin jikina. Ban lura ba, na ce ya taho bayan coci.

Gidan da nake ciki gidanmu ne na haihuwa, murhun falon kuma na Mama ne. Clive ya saya mata shi da albashinsa na farko bayan ya gama koyo, ya ɗaura da hannunsa, tana tsaye a kansa tana cewa zai tashi gidan da mu a ciki. Irin na da ne, mai katako a gefe, da farar ƙasa mai ramuka da ke yin ja in ta ɗauki zafi. A gabansa ta shanya safar jikokinta, a gabansa ta yi jinyarta ta ƙarshe. Katakon gefen dama ya koɗe daidai inda take dafawa in za ta miƙe, ni ma yanzu nan nake dafawa. Duk shekara kafin sanyi ya shigo Clive kan zo ya kwance shi ya share, ya ce "Ya yi," ya tafi.

Ya zo, ya ƙwanƙwasa kamar baƙo, ya nuna mini katinsa. Ya rufe ƙofofi da tagogi yana faɗin abin da yake yi, muryar can ƙasa amma ana ji. Ya kunna murhun ya bar shi ya yi zafi. Sannan ya ɗauko ashanarsu ta gwaji, wadda ba ta ba da wuta sai farin hayaƙi, ya kunna ya riƙe ta a bakin murhun daga sama. In komai lafiya, bututun hayaƙi zai zuƙe shi ya yi waje da shi.

Hayaƙin ya yi kamar zai shiga, sai ya lanƙwaso ya dawo falo, ya bi ta gaban hoton auren su Mama a hankali.

"Iyye!" na ce. "Har tarko ka ɗana mini? Ashe ka fara wayewa."

Ya ɗan jira, ya kunna wata. Nata hayaƙin ma ya dawo. Ya kashe murhun, ya buɗe taga, ya bari ya huce, ya cire gabansa ya haska tocila ciki. Na leƙa ta kan kafaɗarsa. A ƙarfen baya akwai tsaga mai tsawon tafin hannuna, an bi ta da wani siminti ruwan toka, simintin ya dare ya zube.

Ya miƙe, ya cire hula, ya dube ni cikin ido.

"Uwargida, murhun nan haɗari ne yanzu-yanzu. Ƙarfen cikinsa ya tsage, hayaƙin da ya kamata ya fita waje yana dawowa ɗaki. Akwai guba a ciki, ba ta da wari, ba a ganinta, mutum barci kawai zai ji yana ɗibarsa. Kada a sake kunna shi. Ina neman izininki in yanke gas ɗinsa in toshe."

Tsaf, ba gargada ko ɗaya. Na yi tafi, na lanƙwashe baya na shiga aikina.

"Haba ɗan nan, ka ji tausayin tsohuwa, ga Kirsimeti ta..."

"Noreen. Ba wasa ba ne."

Na dubi fuskarsa, ta yi fari fat. Na sake duban simintin.

"Wa ya liƙa wannan?"

"Ni."

"Yaushe?"

"Bara waccan ya fara tsagewa, 'yar ƙarama. Na liƙe. Bara na sake liƙewa. Bana ma. Na nemi ƙarfen ko'ina, an daina yin sa. Na ce zai kai mu bazara."

"Duk shekarun nan ina zaune a gaban abin nan, ƙofa a rufe, kana shan shayina kana ce mini ya yi?"

"Ranar da na liƙe yana jan hayaƙi. Na gwada."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Na Mama ne," ya ce. "Za ki yi kuka."

Mai hankali zai ce tsoro ya kamata in ji, ko in gode wa Allah da ya raya ni. Ni kuwa wani irin fushi ne ya rufe ni, kuma ba fushin tsagar ba ne, fushin za a raba ni da murhun ne. Duk abin da na yi makonni ina ƙirƙira a kan bokiti, sai ga shi yana fita daga bakina da gaske.

"To tunda ka iya liƙi, liƙe shi. Ka sake liƙewa ya kai mu bayan Kirsimeti, sannan mu yi magana. Zan riƙa buɗe taga."

Ya tsaya. Na ga idonsa ya koma kan murhun, na ga yatsun sun fara. Ya durƙusa, ya buɗe akwati, ya ɗauko gwangwanin simintin, ya ɓalle murfin. Ina tsaye a kansa, rabin zuciyata na cewa yauwa, rabi na cewa shi ke nan, ranar Alhamis ya faɗi, kuma ni na kayar da shi. Ban san wanne nake so ba.

Ya daɗe yana kallon cikin gwangwanin. Sannan ya mayar da murfin, ya danna da tafin hannu.

"Kin ba ni izini?"

"Ban bayar ba."

"To dole in kira masu aikin gaggawa na gas. Su daga mita za su yanke, gidan gaba ɗaya, har abin girki da ruwan wanka."

"Ni za ka kira wa hukuma? Ni da na wanke maka kashi? A gidan ubanmu?"

Ya ciro waya. Ya fara danna lamba. Na ga da gaske yake.

"Ajiye wayar nan, mai taurin kan tsiya. Yanke. Yanke ka huta."

Ya yanke. Ya toshe bututun, ya gwada, ya manna takardar gargaɗi a gaban murhun Mama. Ya je mota ya kawo wata hitar lantarki mai ƙugi ya jona mini. Na yi kukan kuwa, kamar yadda ya faɗa, amma baya na juya masa na yi. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai son cewa wani abu. Ban juyo ba, ya ja ƙofar.

Ban kira shi ba har ranar Alhamis, shi ma bai kira ba. Ranar kuwa na kasa zama. Na wanke tanda, na wanke labulen da ba su yi datti ba, na ɗauki waya na ajiye ba adadi. Tunanina ɗaya ne. Mutumin da ya faɗi gaskiya sau ɗaya a rayuwarsa, yayarsa tilo ta juya masa baya a kai, da wane baki zai sake faɗa wa Holgate? Na bugo wa Lynne, ta ce ya fita ko shayi bai sha ba, ta ce sai da ta bi shi waje da tabaronsa. Ta tambaye ni me ya faru ranar Lahadi, na ce ruwa na tafasa a kan wuta, na kashe wayar.

Yara na dawowa daga makaranta, duhun hunturu ya fara sauka, na ji motar. Na riga shi zuwa ƙofa.

"To? Me ake ciki?"

"Ya yi."

Na jefe shi da tsumman da ke hannuna. "Kai da 'ya yi' ɗin nan! Ka ci ko ba ka ci ba?"

"Na ci. Mai jego ya zama. Har da kukan jariri."

"Ka yanke mata?"

"Na yanke."

Na zauna a kan matakala. Na ce ya shigo, akwai naman rago a tanda, a kira Lynne ta taho. Bai shigo ba. Bai cire rigar sanyi ba, kuma fuskarsa ba ta mutumin da ya ci jarrabawa ba ce.

"Sa kwat ɗinki, Noreen tamu."

"Ina za mu?"

"Ba naki kaɗai ba ne. Akwai irinsa a garin nan. Ni na liƙe su."

"Nawa?"

"Da dama. Na san gidajen."

"Yau? Ka bari gobe mana, ka sa wani abu a cikinka."

"Yau ma za su kunna."

Na ɗauko kwat. A mota ya miƙa hannu baya, ya ɗauko gwangwanin simintin ya ɗora mini a cinya.

"Riƙe. Ko na dawo na ce ki ba ni, kar ki ba ni."

Gidan farko na Edna Whalley ne, can saman tudu, wadda suka yi aikin masaƙa tare da Mama. Ta kusa casa'in, daga ita sai kyanwarta, kuma duk Kirsimeti sai ta saƙa wa Clive safar hannu. Ya bar ni a mota, ya tsaya a ƙofarta, ya ɗaga hannu ya sauke, ya sake ɗagawa. Ta buɗe, hasken falonta ya zubo kan matakala, na hango murhunta ya yi ja yana ci a bayanta. Ta ware hannu, ko ta cikin gilashin mota na ji muryarta.

"Clive ɗana! Shigo, shigo, ka kwaso sanyi. Yanzun nan na ɗora ruwan shayi."

Ta matsa gefe ta ba shi hanya yadda ta saba. Bai wuce ba. Ya cire hula, na ga bakinsa na motsi, ya daɗe yana motsi. Murmushin ya ɗan tsaya mata a fuska don ba ta gane ba, sannan ya fara gushewa. Ta ja rigar sanyinta ta rufe wuya. Ta girgiza kai, ta nuna titi inda ƙanƙara ta fara kwanciya, ta kama hannun rigarsa da hannu biyu.

Ya waiwayo ya kalli motar.

Na danna makullin ƙofa, na rungume gwangwanin, ni ma na kalle shi. Hawaye na zubo mini, ban share ba don kada in saki. Ya juya wurin Edna, ya sake farawa daga farko.